Ƙanena ya daina magana, yayanmu ya ce mu sayar da fili mu kai shi maganin maganaɗisu

Daga wata 'yar'uwa a Yamai (ta ce a sakaya sunanta)

Assalamu alaikum. Shawara nake nema kan ƙanena, shekararsa 27. Ya yi shekara uku yana cirani a Libiya, ya dawo Tawa bara, tun daga nan ba shi ba ne. Yaron da in ya shigo gida sai kowa ya sani, yanzu wuni yake a ɗaki fuska ga bango. Inna ta kai masa fura da safe, da la'asar ta tarar da ƙwaryar yadda ta ajiye ta. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, daga baya na ɗauko shi zuwa Yamai, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya rubuta magani. Ya sha na wasu kwanaki ya ce yana busar masa da baki, aka canza wani. Wata biyar ke nan, jiya i yau.

To yayanmu da ke Faransa ya turo bidiyon wata na'ura da ake ɗora wa mutum a ka, wai TMS, tana aiki da maganaɗisu. Ya ce mu sayar da filin da Baba ya bar mana mu fitar da shi waje. Inna da ta ji an ce mayen ƙarfe ne cewa ta yi ba mai kai mata ɗa wurin maye. Ni kuma tsorona kada ya zama irin jona wutar nan da ake faɗa. Wanda ya sani ya taimaka.

Wani ma'aikacin jinya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abu biyu kika haɗa. Na wutar lantarki daban ne, tsoho ne, tun 1938 aka fara shi a Italiya. A yau sai an sa mutum barci ake yinsa, kuma yakan sa mantuwa na ɗan lokaci. TMS kuwa wani masani mai suna Anthony Barker ne ya fito da shi a Sheffield ta Ingila a 1985, Amurka ta amince a yi maganin damuwa da shi a 2008. Mutum na zaune a kujera ido biyu, a jingina masa wani naɗaɗɗen waya a gaban kai, galibi ta hagu, sama da goshi kaɗan. Na'urar ta riƙa ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfin maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai ya motsa jijiyoyin wurin da ke da hannu a yanayin zuciya. Ba yanka, ba allura. Ana toshe kunne saboda ƙarar, an gama ya tashi ya tafi da ƙafarsa. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne da zafin fatar wurin.

Amma ki lura, ba zuwa ɗaya ba ne. Kwana biyar a sati, sati huɗu zuwa shida, zama ashirin zuwa talatin, kowane minti 20 zuwa 40, ko da yake akwai sabon salo na minti uku. Kuma an yi shi ne don wanda ya sha magani yadda ya kamata bai ji sauƙi ba. Nan ne tambayata: ya sha kuwa? Magungunan damuwa sai sun yi sati huɗu zuwa shida a jiki, kullum ba fashi, kafin a ce sun yi ko ba su yi ba. Wa ke ba shi? Wa ya ga ya haɗiye?

Maman biyu

Kada ku taɓa filin marayu kan bidiyo. Shi da ke Faransa ya turo kuɗin mana!

Ɗan Adar a Abijan

Maman biyu, a yi masa adalci, wanda ke nesa zuciyarsa ta fi tashi. Amma Hajiya, ni ma na yi Libiya. Abin da ido ya gani a hanyar nan ba kowa ke iya faɗa wa uwarsa ba. Ku samo wanda suka yi tafiyar tare ya riƙa zama da shi, ko shayi ne su dafa. Sannan ki bincika a hankali, ba da faɗa ba: yana shan tramol? Da yawanmu da shi muka yi aikin ƙarfi a can.

Wani ma'aikacin jinya

Madalla da wannan tambaya. Babban haɗarin TMS, duk da ba kasafai yake faruwa ba, shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, tramol kuwa shi kansa yana jawo ta. Haɗa shi da wasu magungunan damuwa ma matsala ce. Haka mai farfaɗiya, da wanda ke da ƙarfe ko ɓarɓashin harsashi a ka, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, dole likita ya sani tun kafin a fara zancen.

Wata ɗaliba a Liyon

Anti, ƙarin bayani daga nan. Su kansu masana ba su zama baki ɗaya ba. A Ingila hukumar lafiyarsu ta yarda da shi tun 2015, amma a nan Faransa hukumar lafiya ta duba shi a 2022 ta ce hujjar amfaninsa ba ta kai a sa inshorar gwamnati ta biya ba. Wasu na samun sauƙi sosai, wasu ko gezau, wasu kuma ciwon ya dawo bayan watanni a sake zagaye. Ki lissafa jirgin mutum biyu, biza, masaukin wata ɗaya da rabi, da mai yi masa tafinta. In kun dawo kuma wa zai ci gaba da dubansa? Tawa zuwa Yamai ma sama da kilomita 500 ne.

Malama daga Boukoki

Ni tawa guda ce, kuma ta fi zancen na'ura gaggawa. Ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ya gaji da duniya? Ku tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da igiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti ranar. Addu'a kuma a ci gaba, ba ta hana shan magani.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na kira ƙanwarmu na ce ta duba ɗakinsa in ya fita alwala. Ta ɗaga katifa ta tarar da katin magani shida, biyu ne kawai aka ɓare, su ma ba duka ba. Ashe Inna miƙa masa take ta fita, wai kunyar tsayawa a kansa take ji tunda ɗan fari ne a maza wurinta, yayanmu ɗan kishiyarta ne. Zancen tramol ban san ta inda zan ɓullo masa ba tukuna. Na karɓi randebu wurin likitan ranar Talata, zan shiga motar Tawa jibi in taho da shi da katunan duka. Yaya ya kira sau uku yau, ban ɗauka ba.