Neman shawara: Baba na son ya riƙa kiran ɗansa da kansa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, yanar ido ta rage mishi gani, hannunsa na dama kuma yana rawa. Yayana da ke Agadas ya aiko mishi da babbar waya don su riƙa gaisawa ta WhatsApp, amma sai na dawo daga kasuwa nake danna mishi. In ba ni gida, wayar tana ƙarƙashin matashi. Abin yana cin ransa, yana cewa mun maida shi ƙaramin yaro. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani mai gyaran waya a Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki share fuskar wayar tas, ki bar abu biyu kawai: hoton yayanki, wanda dannawa ɗaya ke kai shi hirarsu, da na tafsirin da yake saurare. Ki ƙara girman rubutu har ƙarshe. Tun da hannun na rawa, riƙe alamar makirfo don ɗaukar saƙon murya zai ba shi wuya. Ki koya mishi ya danna ya ja sama, za ta kulle, ya yi maganarsa a natse. Ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye, shi ke cinye mega cikin dare.

Wani ɗalibi: Ki kunna mishi TalkBack, wayar za ta riƙa karanta mishi komi.

Wata makauniya daga unguwar Zariya: Ɗana, ni da shi nake aiki kullum, amma a bi a hankali. Da an kunna, danne-dannen duk sun canza, komi sai an taɓa sau biyu, kuma tawa da Faransanci take magana. In Baba bai jin Faransanci, ruɗa shi zai yi. Ƴata, ki manna ɗan salatif a bayan wayar daidai inda hoton yake, yatsansa zai gane wurin. Kuma kar ki karɓe wayar in ya yi kuskure. Ki riƙe hannunsa ku danna tare, ko da sau goma ne.

Wata uwar gida: Ki ja mishi kunne sosai: duk wanda ya kira ya nemi lambobi 6 da suka shigo ta saƙo, ɓarawo ne, ko ya ce ɗansa ne ya turo shi. Da su ake sace layin WhatsApp a bi dangi ana roƙon kuɗi. Ke ma ki samu jika guda ki koya mishi, kar nauyin ya tsaya kanki ke kaɗai.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Inna, zancen karɓe waya ya shige ni. Bayan la'asar za mu gwada salatif ɗin.