Abin da aka tsayar a fadarmu kan shugabancin jam'iyya

Daren jiya a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, har shayi na uku ana maganar jam'iyyun da aka rusa a watan Maris 2025. Dattawa suka tuno CDS-Rahama: ita ta kai Mahamane Ousmane mulki a 1993, amma rikicinsa da Abdou Labo, wani jigon jam'iyyar, kan shugabancinta ya kai su kotu, jam'iyyar ta dare. Abin yana yi mini ciwo har yau.

Shawarar da ta fi ƙarfi: in siyasa ta dawo, wakilai su zaɓi shugaba a babban taro, da wa'adi a rubuce. Kuɗin jam'iyya kuma su fito daga aljihun 'ya'yanta, kada attajiri ɗaya ya riƙe mata wuya. Matasa kuwa aka ce su nemi takardar haihuwa tun yanzu, su daina karɓar jaka biyu don cika taro.