Ina son kawo ta Kanada, amma a takarda har yanzu matar wani ce

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Winnipeg, shekarata uku da samun takardar zaman dindindin, tuƙin babbar mota nake yi. Kafin nan na yi shekara huɗu a Doha. A can ne ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa a wurin aiki, aka kwantar da ni sati uku, kuma wadda take wanke mini ciwon kowace safiya wata baiwar Allah ce 'yar ƙasar Filifin. Daga nan muka saba. Daga baya ta musulunta, don kanta, ba ni na sa ta ba. Hajiyata ta san da ita, duk Juma'a suna gaisawa ta bidiyo, har ta iya cewa "ina wuni Hajiya, ya ƙafar?"

Ga inda gizo ke saƙar. An ɗaura mata aure a coci tana da shekara 19. Mijin ya kama gabansa, shekara tara rabonta da shi, har ya tara 'ya'ya da wata. Amma ƙasarsu babu saki. Ta nemi kotu ta rushe auren, lauya ya karɓi kuɗi, shekara biyu ana ta ɗage zama, ta gaji ta bari.

Kawuna ya ce a ɗaura a Kano kawai, yayana ya karɓa mini, a naɗa mata waliyyi, a aiko mini da takarda in kai wa hukumar shige da fice. Wani abokina kuma ya ce akwai hanyar da suke kira kwanjugal. Wanne zan bi?

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, don girman Allah kar ka bi shawarar kawu. Ni aka yi wa haka. An ɗaura aurena a Zariya maigidana yana nan Calgary, wansa ya karɓa masa, aka raba goro da alawa, kowa ya watse. Muka tura takardu da hotuna, ango babu shi a ko ɗaya. Amsar da ta zo ita ce ba su san da wannan aure ba. Tun Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya ko ta intanet. Dole ango da amarya su kasance a wurin da jikinsu. Mu da amarya take can ƙuryar ɗaki da ƙawaye ana ɗaurawa a masallaci, ka ga ko wannan sai an yi hattara. Sai da ya zo gida muka sake komai, shekara biyu suka tafi a banza. Kai kuma taka ta fi tawa nauyi, tunda akwai igiyar wani a kanta.

Baban Sadik:

Ɗan'uwa, ni ba lauya ba ne, amma na ɗauki nauyin iyalina, na kuma taya mutane da dama cike takardun nan.

IRCC, wato hukumar shige da fice ta Kanada, hanya uku ta sani. Akwai ma'aurata. Akwai waɗanda suka zauna gida ɗaya wata 12 a jere. Sai ta ukun da abokinka ya faɗa, wadda aka tanada wa mutum biyu da suka yi aƙalla shekara ɗaya rayuwarsu a haɗe kamar ta miji da mata, ɗayan yana wajen Kanada, kuma akwai shingen da ya fi ƙarfinsu da ya hana su aure ko zama tare. Rukunin "wadda zan aura" an soke shi tun 2002, saboda haka in jami'i ya karanta fayil ɗinka ya ga saurayi da budurwa ne masu niyyar aure, ya gama da kai.

Ƙofar aure a rufe take gare ka. Dokarsu ta ce in a ranar ɗaurin aure ɗayanku yana da aure da wani, ba a lissafa shi, ko da kun je Kano ku biyu kun zauna gaban liman. Musuluntarta ma ba ta warware wannan ba. Gaskiya ne Musulmin Filifin suna da dokarsu ta 1977 da ta yarda da saki, amma auren da aka ɗaura a coci yana nan ƙarƙashin dokar ƙasa. A Mayun 2024 majalisar wakilan Filifin ta amince da ƙudirin saki, ya je majalisar dattawa ya kwanta.

Wannan ɗin kuwa shi ne ƙarfinka a hanya ta uku, don irin misalin da hukumar da kanta take bayarwa ke nan: mai aure a ƙasar da saki ba ya yiwuwa. Sun yarda wadda take da aure a takarda ta shiga rukunin, in dai auren ya mutu kuma sun rabu aƙalla shekara guda. Ita tara ta yi. Sannan a Katar, inda take zaune, zaman mace da namiji ba aure laifi ne a doka. Da Dubai take da hujjar ta yi rauni, don su sun sassauta tun ƙarshen 2020.

Tambayar da za ta ba ka wuya ita ce: me ya hana ku zama wata 12 a wata ƙasa, ko da Najeriya ce? Mai zaman dindindin kwana 730 ake nema ya yi a Kanada cikin shekara biyar, ka ga za ka iya fita shekara guda ba ka rasa takardarka ba. "Aikina ba zai bar ni ba" ba ya gamsar da su. Ka shirya amsa ta gaskiya, da takarda a bayanta. In ta taɓa neman bizar ziyara aka hana ta, ku adana wasiƙar.

Sauran kuma tarin shaida ne: rasit na kuɗin da kake tura mata, tikitin jirgi da hatimin fasfo na zuwanka Doha, sunanta a inshorarka, wasiƙar Hajiya da ta danginta, da duk takardun kotun da ta bari. Kar ta kuskura ta rubuta cewa ba ta taɓa aure ba. Ƙarya a takardunsu haramcin shekara biyar ne. Ka kuma sani za ka sa hannu ka ɗauki nauyinta shekara uku, ko kun rabu. In aka ƙi, kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara.

Malam Na Gabas:

Baban Sadik ya yi bayanin dokar Turawa, Allah ya saka. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wannan "kamar miji da mata". Ɗana, kar neman takarda ya kai ka ga abin da za ka ji kunyar faɗa wa Hajiyarka. A shari'a, macen da ta musulunta mijinta bai musulunta ba har iddarta ta cika, hukuncinta daban ne da abin da ke rubuce a Manila, babban birnin ƙasarsu. Ka je wurin alƙali ko malamin da ya san fiƙihu ka zayyana masa komai. In ya ce aure ya halatta, ku ɗaura don Allah, ku biyu a wurin. Sannan ka gaya wa hukuma gaskiya cewa na addini ne, kar ka kai shi a matsayin auren doka. Ita ma ta tambayi lauyan ƙasarsu tukuna, don aure kan aure laifi ne a dokarsu, kar ta je ganin mahaifiyarta ta faɗa wata rigimar.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na ji, kuma wallahi abin da yake hana ni barci ke nan. Maman Ilham, na kira kawu na karanta masa naki, ya yi shiru, sai ya ce to ai shi goron ma har ya sa a yi masa ciniki.

Baban Sadik, sau biyu aka hana ta bizar ziyara, wasiƙun suna cikin imel ɗinta. Zuwana Doha sau uku ne tun da na dawo nan. Rasit ne matsalar: shekarar farko duk ta hannun wani abokina mai zuwa can nake ba da kuɗin, babu ko takarda ɗaya. In ya rubuta ya yi rantsuwa gaban lauya, za su karɓa?