Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi: wa ya kafa dokar, wa ke gyangyaɗin?

Baban Hanifa: Jama'a, barkanmu da yamma. Gardama ce ta kaure a teburin mai shayi kan rikicin nukiliyar Iran, wani dattijo ya ce Amurka mai dokar barci ce da ta ɓige da gyangyaɗi. Wani ya ce karin maganar ba nan ne muhallinta ba. Aka watse baram-baram. Masana, ku raba mana.

Malamin Kimiyya: Mai musun ya fi gaskiya. Sai an kafa doka tukuna, sannan barci ya saci mai dokar. Amurka ta jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya kuwa sai 1968 aka sa mata hannu, ta fara aiki a 1970. A cikinta aka rubuta cewa wanda ya yi gwaji kafin 1 ga Janairu 1967 shi ne mai makami da izini: Amurka, Tarayyar Sobiyet, Birtaniya, Faransa da Sin. Wannan ba gyangyaɗi yake ba. Shimfiɗarsa ya gyara ya kwanta, sannan ya ce kowa ya zauna ido biyu.

Hajiyar Sabon Gari: Malam, ka tsallake sashe na shida. A nan ne su biyar ɗin suka yi alkawarin tattauna kwance ɗamara da zuciya ɗaya. Yau sama da shekara 50 ke nan. In wannan ba gyangyaɗi ba ne, to minshari ne.

Tsohon Soja: Ita kanta Hiroshima ba a gama shari'arta ba. Masu kare harin sun ce shi ya sa Japan ta miƙa wuya ba tare da an shiga ƙasarta da ƙafa ba. Wasu masana tarihi suka ce a duba kalanda: ranar 8 ga Agusta Sobiyet ta ayyana yaƙi a kan Japan, ranar 9 dakarunta suka kutsa Manchuriya, yankin Sin da ke hannun Japan a lokacin, ranar ce kuma aka jefa na Nagasaki, sai ranar 15 sarkin Japan ya sanar da saduda. Japan ta daɗe tana fatan Mosko ta shiga tsakani, shigarta yaƙin ta yanke wannan fata. Har gobe kowane ɓangare na jan zarensa.

Ɗan Arlit: Mu a nan wata karin maganar muka fi tunawa: ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin yaƙin Iraƙi an yi ta yayata cewa Saddam ya nemi tan 500 na garin yuraniyom daga Nijar. Ranar 7 ga Maris 2003 ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujera tun 1989. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Ramin ya ƙure, amma bai hana a binne mutane a ciki ba.

Malamin Kimiyya: Kuma ko da an sayi garin, tsakaninsa da bam akwai tafiya. Abin da ake haƙowa a Arlit, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nau'in da ke fashewa, wato U-235. Sai an mayar da garin iska, a zuba a injinan tacewa masu juyawa fiye da sau 60,000 a minti, ɗaruruwa a jere, wannan na miƙa wa wancan. Tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 take buƙata, makami kuwa kimanin 90. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wahalar tana farko: wanda ya kai kashi 20 ya gama kusan kashi 90 na aikin. Shi ya sa yarjejeniyar 2015 tsakanin Iran da manyan ƙasashen duniya ta ɗaure Iran a kashi 3.67 da ajiyar kilo 300, shi ya sa kuma hankali ya tashi da ta hau kashi 60 a 2021, bayan Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2018. Injinan ba su da jimiri. Gudu ya ɗan karkace, bututun ciki ya yi rawa ya farfashe. Haka ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet ta lalata kimanin 1,000 a Natanz, cibiyar tace yuraniyom ta Iran, tana sauya musu gudu alhali allon masu lura na nuna komai lafiya.

Jikar Inna: Duk kun bar asalin maganar. Kakarmu ta ce a zamanin mahara ne, wani dagaci ya hana samari barci a bakin ganuwa, ya naɗa dogari da kulki, wanda aka kama yana lumshe ido a ci tararsa damin gero. Dogarin nan ya tara gero har rumbunsa ya cika. Wani dare sai ga shi ya jingina da kuka, kai na kaiwa da komowa, rawani ya zame, miyau na bin gemu. Samarin suna kallo. Ɗaya ya ce a tashe shi a karɓi dami. Babbansu ya ce: wa zai karɓa, ku dubi hannunsa. Ashe kulkin na nan a damƙe. Sai suka yi ta kora masa sauro har asuba. Da safe ya miƙe ya ci tarar mutum biyu, wai idonsu ya yi ja. Inna ta ce ba don a yi wa dogari dariya ake faɗar maganar ba, don a tuna wa samari ne.

Baban Hanifa: Kai, Allah ya jiƙan Inna!

Na Bakin Kasuwa: Dogarin nan na san shi. Yanzu yana majalisa, kyamara ta sha kama shi yana "tunani mai zurfi" ana tsakiyar muhawarar kasafin kuɗi.

Hajiyar Sabon Gari: Kuma da an zo maganar alawus sai ya farka ba wanda ya taɓa shi.

Tsohon Soja: Amma an taɓa samun wanda ya girgiza dogari. Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. Na huɗu dai an yi shi a Afrilu.

Ɗan Arlit: Koriya ta Arewa kuma wata karin maganar ta riƙe: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a Disamba 2003, aka kashe shi a Sirte a 2011. Su kuwa Koriya ta Arewa sun yi gwaji tun 2006, ba wanda ya shiga musu gida.

Malamin Kimiyya: Mu ma mun miƙa namu ai. Ƙaramin injin binciken nukiliya na Zariya, mai kilowat 30, a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa kashi 13, aka mayar wa Sin kimanin kilo ɗaya na mai kashi 90.

Na Bakin Kasuwa: Kilowat 30? Malam, a jawo mana waya zuwa layinmu mana. Wanda ya yi mana alkawarin taransifoma tun zaɓen da ya wuce ya canja lamba.