Shawarwarin masu kilishi da yaji kan sayarwa a manyan kasuwannin intanet

A wata hira da muka yi da masu sana'ar kilishi, yaji da ƙuli-ƙuli waɗanda suka gwada saka kayansu a irin su Jumia da Amazon, magana ta fi tsayawa a kan lissafi. Kasuwar za ta cire kamashonta, ga kuɗin leda da kwali, ga na kai kaya. A Amazon ta Amurka, kamashon kayan abinci kashi 8 ne cikin ɗari idan farashi bai wuce dala 15 ba, kashi 15 idan ya haura. Wanda bai zuba wannan cikin farashinsa ba, sai ya yi ta ciniki uwar kuɗi na narkewa. Shi ya sa aka ce a haɗa robar yaji uku ko huɗu a sayar tare, don kuɗin aika guda ɗaya kan cinye ribarta.

Sai lalacewa. Ƙuli-ƙuli da kilishi akwai mai a jikinsu, in suka daɗe a sito ɗanɗanonsu ya juya, mai saye kuma ba ya yafewa wajen rubuta ra'ayinsa. A riƙa turawa kaɗan-kaɗan, da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kowace leda. Kilishi zuwa Amurka kuwa, a manta da shi, dokar shigo da nama ba ta bari.

Wata mai dambun nama ta tuna mana yadda Jumia ta rufe sashenta na kai dafaffen abinci a Disamban 2023. Ita tun lokacin ta mayar da ƙarfinta kan kwastomominta na WhatsApp.