Shawarwari ga mai son rubutu kan Jyoti Basu na Bengal ta Yamma

Masana siyasar Indiya da suka tattauna kan Jyoti Basu sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a fara labarinsa daga 1977, shekarar da ya zama babban ministan jihar Bengal ta Yamma. An haife shi a Kalkata a 1914, ya karanta lauya a Landan, ya dawo a 1940 ya shiga ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa. Daga can ya samu kujerar majalisar Bengal a 1946. Wanda ya tsallake wannan ba zai gane inda ƙarfinsa ya fito ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa CPI, jam'iyyar kwaminisanci ta Indiya, da CPI(M), ɓangaren da ya ɓalle daga cikinta. Jam'iyyar ta rabe a 1964, Basu ya bi CPI(M). Kuma babban ministan jiha ne shi, ba gwamna ba. A Indiya naɗa gwamna ake yi, mulki na hannun babban minista.

Masanan sun fi daɗewa kan shirin Barga na 1978, wanda ya yi wa manoman da ke noma gonar wani a raba amfani rajista, don kada mai gona ya kore su. A shekarar aka yi zaɓen majalisun ƙauyuka. Waɗannan biyun suka riƙe masa karkara har ya sauka a Nuwamba 2000.

Amma fa kada a ɓoye durƙushewar masana'antu, da korar 'yan gudun hijira daga tsibirin Marichjhapi a 1979. Batun 1996 kuwa, lokacin da aka yi masa tayin shugabancin gwamnatin Indiya, jam'iyyarsa ce ta hana shi zama firaminista, ba shi ya ƙi ba.