Neman shawara: wane injin wanki ne zai iya da gida mai yawan jama'a a Zariya?

Uwar Biyar, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sayen injin wanki, musamman mazauna Zariya da kewaye. Mu tara ne a gida: ni da maigida, yara biyar, mahaifiyarsa, da ƙanwata da ke karatu a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya. Ni malamar makaranta ce, ba na dawowa gida sai bayan azahar, kuma kayan makarantar yara kaɗai sun isa su cinye mini Asabar, balle a zo ga zannuwan gado da hijabai da tawul. Mai wankin da muke kai wa kaya yana ƙoƙari, amma kuɗin ya yi yawa yanzu, ga shi a watan Agusta sai kaya su daɗe a hannunsa saboda rashin rana.

Mun tara kuɗi muna so mu sayi sabo fil, ba na gwanjo ba. Na zaga shagunan unguwar PZ da Sabon Gari, kowane mai shago da abin da yake yabawa, wani ya ce in ɗauki mai baho biyu, wani ya ce mai ƙofa a gaba shi ne na zamani. Muna da rijiya da injin jan ruwa da tanki a sama, amma daga watan Maris ruwan rijiyar yana ja baya har sai mun koma sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Wuta kuwa wani lokaci a samu, wani lokaci a rasa, kuma muna da ƙaramin janareta. Wane iri ya kamata in saya, mai kilo nawa, kuma wane kamfani ne kayansa ke da ƙarko?

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Gyaran firji da injin wanki ne sana'ata, don haka zan yi magana a kan abin da nake gani idan na kwance su. Sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da zan duba. Kafin shi akwai ruwan gidanki da wutar gidanki, domin su ne ke kashe injin wanki a garin nan tun kafin ya tsufa.

Mai baho biyu, wanda ake wanki a gefe ɗaya a matse a ɗaya gefen, ba shi da kwamfuta a cikinsa. Abin da ke ciki shi ne moto biyu, da bel, da kafasita, da taima irin wadda ake murɗawa da hannu. Kowanne daga cikinsu ya lalace, ana samunsa a kasuwa, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa zai canza miki shi a yini ɗaya. Ba ya buƙatar ruwa mai ƙarfi daga famfo, da bokiti ma za a cika shi, wanda hakan babban al'amari ne ga mai sayen ruwa a jarka. Wutar da yake ja kuma ba ta kai wat 500 ba a yawancinsu lokacin wanki, shi ya sa janareta matsakaici ke ɗaukarsa. Sai dai moto yana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin da zai tashi, don haka idan janaretan naku irin mafi ƙanƙantar nan ne da ba ya kai wat dubu, sai a kashe firji da sauran kaya kafin a kunna.

Masu sarrafa kansu, ko mai buɗewa ta sama ko mai ƙofa a gaba, duk aikinsu yana rataye ne a kan allon kwamfuta guda ɗaya. Idan wuta ta yi ƙasa sosai, ko aka dawo da ita da ƙarfi bayan an ɗauke, wannan allo ne ke fara ƙonewa, kuma shi ne ɓangare mafi tsada, wani lokaci sai an aika Kano ko Legas kafin a samu daidai da nasa. An ƙera injunan ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, alhali kowa ya san yadda ƙwan lantarki ke yin ja da magariba a wasu unguwannin. Wanda zai sayi irin wannan dole ya sanya kuɗin sitabilaiza mai kyau a cikin lissafinsa, tare da na'urar da ke jinkirta shigar wuta na ɗan lokaci bayan an dawo da ita, sannan a tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa. Gidaje da yawa ba su da ita, kuma injin da ke haɗa ruwa da lantarki ba abin wasa ba ne a gidan da yara ke yawo ba takalmi.

A ganina, Hajiya, mai baho biyu na kilo 10 zuwa 13 shi ne zai fi ba ki kwanciyar hankali. Ki lura cewa kilon da ake rubutawa nauyin busassun kaya ne, kuma bahon matsewa ya fi na wanki ƙanƙanta, don haka abin da kika wanke sau ɗaya sai kin matse shi kashi biyu.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:

Ranki ya daɗe, na karanta bayanin Malam mai gyara kuma ban ga ƙarya a ciki ba, amma ina ganin ya yi maganar ne a matsayin wanda ake kai wa inji, ba wanda ke tsayawa a kansa ba. Mai baho biyu ba ya wanki shi kaɗai. Ke za ki zuba ruwa, ke za ki buɗe ki zubar, ki sake cikawa don ɗauraya, ki kwashe jiƙaƙƙun kaya da hannu zuwa ɗaya bahon, ki danna su daidai don kada ya yi ta bugun gefe. Ya sauƙaƙa miki cuɗa da matsa, amma Asabar ɗin taki tana nan a hannunsa. Ke kuwa abin da na fahimta daga tambayarki shi ne lokaci ne ba ki da shi.

Ni mai ƙofa a gaba nake amfani da shi, na kilo 8, kuma a gida irin naki zan ce ki nemi na kilo 9 ko 10 saboda zannuwan gado. Ina zuba kaya da asuba idan akwai wuta, in shiga kicin, kafin yara su gama shiri an gama ko an kusa. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, nawa yana ci gaba daga inda ya tsaya da zarar an dawo da ita, kuma wannan abu ne da ya kamata ki tambaya a shago, domin ba kowane ne ke yin haka ba.

Batun ruwa ma, wanda shi ne babbar damuwarki, yana goyon bayan mai ƙofa a gaba. Gangarsa a kwance take, tana ɗaga kaya tana sako su cikin ɗan ruwan da ke ƙasa, don haka wanki ɗaya da ɗaurayarsa yakan ci kamar lita 50 zuwa 60, wato jarka biyu da 'yan kai idan mai lita 25 ce. Mai sarrafa kansa da ake buɗewa ta sama kuwa sai ya nutsar da kayan gaba ɗaya, ya zubar, ya sake cikawa, kuma cikin sauƙi yake wuce lita ɗari. Shi ne wanda ba zan ba ki shawara a kansa ba ko kaɗan, tunda ya haɗa raunin allon kwamfuta da yawan shan ruwa. Sannan matsar mai ƙofa a gaba tana kai juyi 1,200 ko 1,400 a minti ɗaya, kayan makaranta na fitowa da ɗan danshi kawai, su bushe a baranda ko da hadari ya rufe gari.

Akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, yana da hita a ciki mai jan kusan wat 2,000, wadda ƙaramin janareta ko infatar sola ta gida ba za su ɗauka ba. Sai ki riƙa zaɓar ruwan sanyi, wanda ya wadatar ga yawancin kayanmu, ki bar ruwan zafi ga tawul da kayan jarirai a ranar da wutar gari ta zauna. Wannan zai rage miki kuɗin mita ma, musamman idan layinku yana rukunin Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, wanda aka ƙara wa kuɗi sosai tun watan Afrilun 2024. Na biyu, ba ya son garin sabulu mai yawan kumfa irin na wankin hannu. Akwai wanda aka yi don inji, kuma kaɗan ake zubawa.

Shaddar maigida mai aiki da manyan riguna kuwa ki bar wa mai wanki abinsa. Inji ba ya saka sitaci yadda ake so, ba ya bugu, kuma yana iya jan zaren aikin wuya.

Malam Na Gyallesu:

Ina so in ƙara abu ɗaya kan inda za a saya, tunda 'yan'uwa sun yi bayanin nau'o'in. Sanannun sunaye a kasuwarmu su ne LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost da Midea, kuma kowannensu yana da mai kyau da mai araha. Kamfanin Fouani ne ke rarraba kayan LG da Hisense a Najeriya, Thermocool kuma haɗin gwiwa ne tsakanin Haier ta ƙasar Sin da PZ, kamfanin da unguwar PZ ɗin da kika zaga ta samo sunanta daga gare shi. Amfanin sanin haka shi ne ki tambayi mai shago ko kayansa ta hannun waɗannan dillalai suka fito, domin garanti yana aiki ne a kan abin da ya biyo ta hanyarsu.

Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ki duba cewa ta yi daidai da wadda ke manne a jikinsa da wadda ke katin garanti, kuma a buga wa katin hatimi da kwanan wata. Za ki ga an liƙa takardar garantin shekara goma a gaban wasu injunan, kamar na LG masu moto haɗe da ganga ba tare da bel ba. Wannan shekara goman ta moto ce kaɗai, sauran jikin injin garantinsa gajere ne, kuma yawanci ba ya rufe abin da wuta ta ƙona. Ki tambaya tun kafin ki biya: idan ya samu matsala, mai gyaransu zai zo Zariya, ko ke za ki ɗauki hayar mota ki kai shi Kaduna? Amsar wannan tambaya ta fi bambancin 'yan dubban da ke tsakanin shago da shago.

Uwar Biyar, Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Maganar Maman 'Yan Biyu ta taɓa inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin gaskiya tsayuwar ce ba ni da halinta, kuma Hajiyarmu ba za ta iya kwasar jiƙaƙƙun kaya ba. Zuciyata ta karkata ga mai ƙofa a gaba. Malam mai gyara, tankinmu yana kan ƙarfe da bai fi tsayin ginin da yawa ba, gidan kuma ba bene ba ne. Zai iya ba injin ruwa? Kuma me zan yi a watannin da muke sayen ruwa?

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:

Hajiya, tunda kin zaɓa, bari mu gyara masa wuri. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, kowace mita goma tana ba da abin da ake kira "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, kuma yawancin waɗannan injuna suna neman aƙalla rabin bar zuwa bar ɗaya, za ki ga adadin a littafin da ke cikin kwalin. Ke nan sai ruwan tankin ya ɗara bakin injin da mita biyar ko fiye. Tankin da ke daidai rufin gida da wuya ya kai haka, sai ki ga injin yana daɗewa wajen cika, ko ya tsaya ya nuna alamar babu ruwa alhali tanki a cike yake. Maganinsa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi ne da ake sakawa a kan bututun da ke zuwa wurin injin, mai tashi da kansa idan ruwa ya fara gudu, kuma ba ya jan wuta sosai.

A watannin rani kuwa, ba za ki iya zuba masa ruwa da bokiti ba, don haka sai 'yan ga-ruwa su juye a babbar randar roba a ƙasa, a ja shi zuwa tanki, ko a haɗa famfon nan kai tsaye da randar. Ruwan rijiya idan ya ja baya yana zuwa da yashi da laka, saboda haka a saka matata a kan bututun, sannan a riƙa kwance tiyon bayan injin ana wanke 'yar ragar da ke bakinsa. Akwai wata matatar a ƙasa ta gaba, a bayan ɗan murfi, inda maɓallai da fil ɗin hijabi da tsinken sakace ke taruwa, ita ma a buɗe ta duk wata, a kuma saba wa yara da zazzage aljihu.

Ranar da aka kawo shi, ki tsaya a kai a cire manyan kusoshin da ke bayansa, waɗanda ke riƙe ganga saboda tafiya. Idan aka kunna da su a jiki, injin zai yi ta tsalle har ya lalata boris ɗinsa, kuma garanti ba zai biya ba. A ajiye shi a kan daɓen siminti mai faɗi ɗaya, a daidaita ƙafafunsa, a cikin inuwa inda ruwan sama ba ya feshi, a toshe duk inda ɓera zai shiga ta ƙasa domin suna cin wayoyi. Bayan kowane wanki a bar ƙofar a ɗan buɗe don robar bakin ta bushe, amma da hunturu a yafa masa zani saboda ƙura. Sitabilaizar kuma ki sayi mai wat 3,000 ko sama, ko da kin ce ba za ki kunna hita ba, tunda ƙanwarki ko ɗaya daga cikin yaran zai iya murɗa shi zuwa ruwan zafi ba tare da kin sani ba.